Magariya da Dungas: An ɗora wa ƙananan hukumomi kaya ba gammo

Idan masu karatu ba su manta ba, a ranar 24 ga watan Yulin shekarar 2004 ne al'ummar Jamhuriyar Nijar suka fita rumfunan zaɓe domin zaɓen kansilolin ƙananan hukumomi 265 da aka ƙirƙiro a faɗin ƙasar, a zamanin mulkin marigayi Shugaba Tanja Mamadu. A wancan lokaci an yi ta yi wa talakawa albishir cewa mulki ya baro Yamai ya zo ƙofar gidansu, kuma daga ranar su ne za su riƙa faɗin inda za a haƙa rijiya da inda za a gina aji, da kuma yadda za a kashe kuɗin harajin da suke biya. Shekara 20 bayan haka, wato a ranar 4 ga watan Afrilun 2024, sai gwamnatin mulkin soja ta Janar Abdurahaman Tiani ta rusa dukkan majalisun ƙananan hukumomi da na birane da na jihohi, ta naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun magadan gari. Tambayar da ta dame mu ita ce, a tsakanin waɗannan ranaku guda biyu, me ƙaramar hukuma ta tsinana wa aljihun talaka, kuma me ya hana ta yin fiye da abin da ta yi?

Domin neman amsa mun ga ya dace mu leƙa gundumomin Magariya da Dungas da ke kudancin jihar Damagaram, waɗanda a da gunduma ɗaya ce kafin a raba su a shekarar 2011, lokacin da aka ƙara yawan gundumomin ƙasar daga 36 zuwa 63. Magariya ta tashi da ƙananan hukumomi bakwai, wato ita kanta Magariya da Bande da Ɗan Ciyawo da Kwaya da Tsatsumburum da Washa da Yekuwa, yayin da Dungas ta tashi da huɗu: Dungas da Dogo-Dogo da Gushi da Malawa. Ƙidayar jama'a ta shekarar 2012 ta nuna cewa gundumar Magariya na da mutane sama da 570,000, ita kuwa Dungas sama da 350,000, abin da ya sa yankin ya shiga sahun wuraren da suka fi cunkoson jama'a a duk ƙasar. Garin Magariya na da nisan kusan kilomita 100 kudu da birnin Damagaram, kuma tafiyar 'yan mintoci ce a mota daga can zuwa bakin iyaka a Tinkim, inda ake tsallakawa zuwa Babban Mutum ta jihar Katsina. Daga Magariya zuwa Yamai kuwa tafiya ce ta kusan kilomita 1,000, alhali zuwa Kano ba ta kai 200 ba. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya nuna wa mai karatu inda tattalin arzikin yankin ya fuskanta.

Alal haƙiƙa ba yau aka fara ba. Tun kafin Turawan Faransa da na Ingila su ja layin iyaka a tsakanin shekarun 1906 da 1908, mutanen wannan yanki da na Daura da Kazaure da Gumel abu guda suke, auratayya ɗaya, kasuwanni ɗaya. A shekarun 1950 da 1960 Magariya ta yi suna a noman gyaɗa, har ta kai ga an kafa masana'antar matsar mai a garin. To amma a wancan zamani gwamnatin tsakiya ce ke da wuƙa da nama: ita ke yanka farashi, kamfaninta na SONARA da aka kafa a 1962 shi ke sayen gyaɗar ya fitar da ita, kuma kwamandan da aka turo daga Yamai shi ne mai faɗa a ji. Da farin shekarun 1973 da 1974 ya zo, cutar gyaɗa ta biyo baya a 1975, sai harkar ta durƙushe, kuma babu wata hukuma ta 'yan gari da za ta zauna ta yi tunanin abin da zai maye gurbinta. Manoma da kansu ne suka koma ga wake da riɗi da kiwo da lambu, matasa kuma suka ƙara ba da ƙarfi ga cin rani a Nijeriya.

Maganar sakar wa yankuna mara ta fara ƙarfi ne a babban taron ƙasa na 1991, sannan yarjejeniyar zaman lafiya da aka ƙulla da 'yan tawayen Abzinawa a ranar 24 ga Afrilun 1995 ta mayar da ita alkawari a rubuce. An gwada zaɓe a watan Fabrairun 1999 a zamanin Janar Ibrahim Ba'are Mainasara, ya ƙare a rigima, kuma bayan wata biyu aka kashe shugaban. Sai a watan Yunin 2002 aka kafa dokokin da suka shata ƙananan hukumomin, aka zo aka yi zaɓen 2004 na kujerun kansiloli sama da 3,700.

A bisa tsarin da aka shimfiɗa, wanda aka tattara shi a kundin dokokin ƙananan hukumomi na watan Satumban 2010, jama'a na zaɓen kansiloli ne, su kuma kansilolin su zaɓi magajin gari da mataimakansa daga cikinsu. Sarakunan gargajiya da 'yan majalisar dokoki na yankin suna da kujera a majalisar, suna iya magana amma ba su da ƙuri'a. A saman kowa kuma akwai shugaban gunduma da gwamnati ke naɗawa, wanda ke duba ko shawarwarin majalisar sun dace da doka. Ayyukan da aka lissafa wa ƙaramar hukuma kuwa, idan mutum ya karanta su sai ya ɗauka wata ƙaramar gwamnati ce: kasuwanni da tashoshin mota da mahauta, hanyoyin karkara, makarantun firamare, ɗakunan shan magani, rijiyoyi, tsaftar gari, rajistar haihuwa da aure da mutuwa, ga kuma tsara kundin raya ƙasa na shekara biyar-biyar. A takarda dai babu abin da aka rage. Inda gizo ke saƙar shi ne wajen kuɗi, kuma a nan ne muke son mai karatu ya ɗan dakata tare da mu.

Babbar hanyar kuɗin shiga ta ƙaramar hukumar karkara a Nijar ita ce harajin kai, wanda mutanen ƙasar ke kira lanho. Kuɗi ne kaɗan idan aka duba kan mutum guda, 'yan ɗaruruwan sefa ne a shekara, kuma masu gari da masu unguwa ne ke karɓarsa daga magidanta su kai baitulmalin hukuma, a cire masu wani kaso a matsayin ladan aiki. A zamanin Turawa da na mulkin Janar Seyni Kunce babu mai wasa da lanho, domin akwai dogari da gadi a bayansa. Da siyasar jam'iyyu ta shigo sai al'amarin ya canza. Magajin garin da ya san zai koma neman ƙuri'a ba ya son a ce shi ne ya matsa wa talaka, maigari ba ya son ɓata wa mutanensa rai saboda hukumar da ba ya cikin masu yanke shawararta, shi kuma talaka yana cewa ya biya bara bai ga komai a ƙasa ba. Ga shi kuma ana lissafin masu biya ne da tsohuwar rajista, wadda ke ɗauke da sunayen waɗanda suka rasu ko suka yi shekaru a Kano da Legas. A shekarar ƙarancin abinci kuwa, kamar 2005 da 2010, babu mai bakin tambayar lanho a gidan da babu hatsi a rumbu. Ke nan hukumar na rasa kuɗi ne daidai lokacin da aka fi bukatar ta.

Hanya ta biyu ita ce kasuwa: kuɗin rumfa, kuɗin tikitin mai kasa kaya, kuɗin shigar da dabba da na shaidar sayar da ita, kuɗin tasha da na mahauta. A yanki irin Magariya da Dungas, inda kusan kowace rana ta mako akwai garin da kasuwarsa ke ci, nan ne ya kamata a ce arzikin hukuma yake. To sai dai masu bincike na cibiyar LASDEL da ke Yamai, waɗanda suka shafe shekaru suna bin diddigin yadda ƙananan hukumomi ke gudana a sassa daban-daban na ƙasar, sun nuna cewa a wurare da dama aikin karɓar kuɗin kasuwa ya zama ladan siyasa. Jam'iyyar da ta ci zaɓe ita ke raba wa magoya bayanta littafin tikiti, idan mulki ya canza hannu a kori na da a kawo sababbi. Mai karɓar kuɗin da ya san zamansa na ɗan lokaci ne, kuma wanda ya ba shi aikin ba zai iya tuhumarsa ba, ai ba sai an faɗa wa mai karatu abin da zai biyo baya ba. A karɓi rabin kuɗi ba tare da yanka tikiti ba, ɗan kasuwa ya ji daɗi, mai karɓa ya ji daɗi, asusun hukuma ya kwana da yunwa.

Saura kuma abin da ake jira daga Yamai. Akwai harajin da ma'aikatar haraji ta ƙasa ke karɓa a madadin ƙananan hukumomi, kamar fatantin 'yan kasuwa, da nufin a mayar masu da kasonsu, amma magadan gari sun daɗe suna kukan cewa kuɗin kan makale a baitulmalin gwamnati. An kafa hukumar ANFICT da dokar shekarar 2008 domin ta riƙa raba tallafin gwamnati, da kuma wani asusu na daidaita tsakanin masu hali da marasa hali, amma ba ta fara aiki sosai ba sai wajajen 2014, wato shekara goma bayan zaɓen farko. A watan Janairun 2016 gwamnatin Shugaba Mahamadu Isufu ta fitar da ƙudurorin miƙa wa ƙananan hukumomi ragamar fannoni huɗu, wato ilimi da lafiya da ruwa da muhalli, sai dai ma'aikatun Yamai sun fi saurin miƙa nauyi a kan miƙa kasafin da ke tafiya da shi. Doka ta ce aƙalla kashi 45 cikin 100 na kasafin ƙaramar hukuma ya tafi ga ayyukan raya ƙasa, to amma hukumar da ke fama da biyan albashin sakatare da ma'aji da kuɗin zaman kansiloli, ina ta ga rarar da za ta gina kwalbati? Bugu da ƙari, dokokin ma'adinai da na man fetur sun ware kashi 15 cikin 100 na wasu kuɗaɗen shiga ga yankunan da ake haƙo arzikin, amma Bande ko Gushi ba su da yuraniyom, ba su da rijiyar mai. Arzikinsu mutane ne da gona da dabba.

Wannan ne ya sa kundin raya ƙasa na shekara biyar ya zama kamar ƙoƙon bara. Ana rubuta shi ne galibi da tallafin wata ƙungiyar waje, a jera bukatu, sannan a zauna jiran mai taimako, kuma magajin garin da ake yabo shi ne wanda ya iya jawo furoje zuwa garinsa. Ba muna raina abin da aka samu ta wannan hanya ba ne, domin azuzuwa da famfunan tuƙa-tuƙa da bankunan cimaka da dama ta nan suka zo. Amma a duba fannin lafiya. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo Magariya tun lokacin yunwar 2005, ta riƙe sashen kula da yara na asibitin garin, kuma a watan Satumban 2018 ita ce ta sanar wa duniya cewa a tsakiyar daminar shekarar ana rasa kimanin yara goma a kowace rana a wannan asibiti saboda zazzaɓin cizon sauro da tamowa. Babu ƙaramar hukuma ko ɗaya a cikin goma sha ɗayan nan da kasafinta zai iya ɗaukar irin wannan nauyi ko na wata guda. Da aka yi juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wasu manyan masu ba da tallafi irin su Tarayyar Turai da Faransa suka dakatar da taimakon raya ƙasa, sai aka ga irin hatsarin da ke cikin dogaro da tuwon maƙwabta.

Wani hanzari ba gudu ba, ko da a ce an toshe duk wata ɓaraka a kasuwannin cikin gida, babban cinikin yankin ba a gabansu ake yin sa ba. Duk ranar Alhamis kasuwar dabbobi ta Maigatari a jihar Jigawa ke ci, kuma kaso mai tsoka na shanu da raƙuma da tumakin da ke cika ta daga ɓangaren Nijar suke fitowa, da yawa ta ƙasar Dungas. Dabbar ta ci ciyawar Malawa, ta sha ruwan rijiyar Dogo-Dogo, amma inda aka yi ciniki mai tsoka can ne ake yanka tikiti mai tsoka, kuɗin fito kuma na kwastan ne, wato na gwamnatin tsakiya. Haka wake da riɗi ke bin hanya zuwa Dawanau a Kano, a dawo da masara da taki da kayan masarufi. A kasuwannin bakin iyaka naira ce ke yawo hannu da hannu tare da sefa, saboda haka duk abin da ya sami naira ya sami mutumin Magariya. Lokacin da gwamnatin Shugaba Bola Tinubu ta cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, ta kuma saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a farkon 2024, alhali sefa na ɗaure da yuro. Makiyayin da ya sayar da sa a Maigatari ya dawo da tulin takardu waɗanda idan ya canza ba su kai abin da ya saba samu ba, ɗan ci-rani ya aiko da kuɗin da ba ya sayen abin da yake saye a da, 'yan bumburutu kuma suka ga ribarsu ta zube.

Ga kuma rufe iyaka. Gwamnatin marigayi Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai watan Disamban 2020, inda Maigatari ta kasance cikin huɗun farko da aka buɗe. Bayan juyin mulkin 2023 ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka sake garƙame iyakar har zuwa watan Maris na 2024. A watan Oktoban 2024 gwamnatin Nijar ta hana fitar da hatsi, sannan a watan Mayun 2025, ana gab da Babbar Sallah, ta hana fitar da dabbobi domin farashin rago ya sauka a cikin gida. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai yana da hujjar da masu shi suka bayar, kuma ba hujjojin muke tuhuma a nan ba. Abin da muke nunawa shi ne, an yanke su ne a Abuja da Yamai, babu wanda ya tambayi majalisar Dungas ko ta Yekuwa, amma asusunsu ne ya fara jin jiki a ranar kasuwa ta gaba.

To ashe ke nan ƙaramar hukuma ba ta da wani amfani ga tattalin arziki? A ganinmu tana da shi, sai dai ba a inda aka fi nema ba. Duk wanda ya bi hanyar Damagaram zuwa Magariya da rani zai ga gonaki cike da itatuwan gawo, wasu wuraren har kamar daji. Tsofaffi sun san cewa a farkon shekarun 1980 ba haka wurin yake ba. Manoman Magariya da Matamaye da Mirya ne da kansu suka shiga barin tsiron gawo a gonakinsu suna yi masa sassabe mai kyau, saboda sun san halinsa: yana zubar da ganye da damina ya ba shuka rana da taki, ya yi ganye da rani, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne da ake sayarwa a kasuwa. Wani bincike da Mahamane Larwanou da abokan aikinsa suka fitar a 2006 ya ƙiyasta cewa wannan farfaɗowa ta shafi kimanin hekta miliyan ɗaya a waɗannan yankuna uku, kuma daga baya aka ƙiyasta hekta miliyan biyar a ƙasar baki ɗaya. Babu wani furoje da ya taɓa dasa ko kusa da haka. Abin da ya taimaka shi ne manomi ya fara jin cewa itacen da ya raina nasa ne, ba na jami'in gandun daji ba, kuma a watan Yulin 2020 gwamnati ta fitar da ƙudurin da ya tabbatar masa da wannan haƙƙi.

A nan ne aikin ƙaramar hukuma ya fito fili. Tsarin dokar karkara da aka fara shimfiɗawa a shekarar 1993 ya tanadi kwamitocin kula da filaye a matakin gunduma da na ƙaramar hukuma da na ƙauye, kuma magajin gari ne ke shugabantar na matakinsa, tare da sarakuna da jami'an gona da na dabbobi da wakilan manoma da makiyaya da mata. Aikinsu shi ne rubuta shaidar gado da saye da jingina da aron gona, da shata burtali da makiyaya da mashaya. A yankin da gonar gado ke ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba ta tsakanin 'ya'ya, kuma garken da ke gangarowa daga arewa bayan kaka dole ya ratsa ta cikinsa kafin ya shiga Nijeriya, takardar shaida guda ɗaya na iya hana shari'ar shekara goma, burtalin da aka kafa wa alama kuma na iya hana zubar da jini. Wanda ya tabbata gonar tasa ce shi ke kai mata taki, shi ke haƙa rijiyar lambu, shi ke barin gawo ya girma. Wannan aiki ba ya bukatar miliyoyi, abin da yake bukata shi ne littafin rajista da babur da mai, da kuma shugaban da ba za a saye shi ba. Abin takaici shi ne ba aiki ne da ake yanka kyalle a buɗe shi da kiɗa ba, shi ya sa 'yan siyasa ba su cika damuwa da shi ba.

Haka batun kasuwa yake. A garin Gogunu da ke arewacin Jamhuriyar Benin, makiyaya da mahauta da 'yan kasuwa sun karɓi ragamar kasuwar dabbobinsu, suka mayar da dillalai shaidu, ana ciniki a fili tsakanin mai saye da mai sayarwa, a rubuta kowace dabba, a raba kuɗin tikiti tsakanin kwamitin kasuwa da ƙaramar hukuma. Tsarin ya yi kyau har wasu garuruwa suka kwaikwaya. Ba mu ga abin da zai hana a yi irinsa a Dungas ko Magariya ba: a kewaye kara, a sa ruwa da wurin lodi da jami'in duba lafiyar dabba, a liƙa abin da aka tara kowane mako a ƙofar ofis inda kowa zai gani. Falken Kano ba zai ƙi tsallakowa ba idan ya san zai sami kaya da kwanciyar hankali. Haka nan masu noman rake da rogo da kayan lambu a fadamun Washa da Bande da Gushi, babban abin da ke cinye ribarsu shi ne yashin da ke tsakaninsu da kwalta, domin kafin amalanke ta fitar da kaya mai mota ya riga ya yanka farashin da ya ga dama.

Sai dai duk wannan na bukatar hukumar da ta zauna da gindinta, abin da ƙananan hukumomin Nijar ba su taɓa samu ba. Waɗanda aka zaɓa a 2004 wa'adinsu ya ƙare ne a cikin rikicin tazarce, aka yi wani zaɓe a watan Disamban 2009 wanda 'yan adawa suka ƙaurace wa, sojojin Salu Jibo suka rusa shi bayan juyin mulkin Fabrairun 2010 suka naɗa kantomomi. Waɗanda aka zaɓa a watan Janairun 2011 na shekara biyar, an yi ta ƙara masu wa'adi har sai da suka kusa shekara goma, ba a sake zaɓe ba sai ranar 13 ga Disamban 2020, kuma a tsakanin nan majalisar ministoci ta tsige magadan gari da dama bisa zargin almundahana. Na 2020 kuwa ba su cika shekara huɗu ba. Ga kuma rikicin cikin gida na kansiloli, inda ƙawancen jam'iyyu a Yamai ke watsewa sai a ji an kawo ƙuri'ar yanke ƙauna ga magajin garin wani ƙauye da bai san hawa ba bai san sauka ba.

Masu karatunmu na Nijeriya za su ga kamar labarin gida ake ba su, amma akwai bambanci. Ƙananan hukumomi 774 na Nijeriya suna da kaso sama da 20 cikin 100 na asusun tarayya, kuɗin da magajin garin Kwaya ko a mafarki bai taɓa gani ba, sai dai gwamnoni sun daɗe suna riƙe shi ta hanyar asusun haɗin gwiwa. Wato a Babura da Baure akwai kuɗi amma an riƙe hannun shugaba, a Bande da Yekuwa kuwa an sakar masa hannu a takarda amma babu abin ɗauka. Wani abin mamaki shi ne, a shekara guda, wata uku kacal tsakani, ƙasashen biyu suka ɗauki hanyoyi masu karo da juna: Nijar ta naɗa kantomomi a watan Afrilun 2024, ita kuwa Kotun Ƙolin Nijeriya a ranar 11 ga Yulin 2024 ta haramta mulkin kantomomi, ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ko da yake an shiga 2025 ana ta jan ƙafa wajen aiwatar da hukuncin.

Masu goyon bayan matakin sojojin Nijar na cewa kantoma, wanda a wurare da yawa jami'in soja ne ko na jandarma ko ɗan sanda ko ma'aikacin gwamnati, ba ya bin kowa bashin ƙuri'a, saboda haka zai iya karɓar haraji ba sani ba sabo, ya kuma kori ɓarayin tikiti. Mai yiwuwa a sami hakan a wasu wurare, kuma ba za mu yi musun cewa wasu zaɓaɓɓun sun ci amanar da aka ba su ba. Amma naɗin kantoma bai ƙara ko dala ɗaya a kason da Yamai ke turowa ba, bai matso da kasuwar Maigatari zuwa wannan ɓangare na iyaka ba. Abin da ya canza shi ne wanda shugaban hukuma ke jin tsoro. Kansila, duk lalacewarsa, ɗan ƙauyen ne, ana haɗuwa da shi a masallaci da wurin suna da jana'iza, kuma mai rake na Washa na iya tare shi ya tambaye shi zancen hanya. Kantoma kuwa wanda ya naɗa shi yake ba bahasi, kuma ana iya ɗauke shi gobe a kai shi wata jiha. A watan Maris na 2025 an rantsar da Janar Tiani a kan wa'adin shekara biyar a ƙarƙashin sabon kundin sake gina ƙasa, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa baki ɗaya, don haka babu alamar zaɓen kansiloli a kusa. Maigari dai zai ci gaba da bi gida-gida bayan kaka yana karɓar lanho, a Tsatsumburum da Malawa da sauran garuruwan, ya kai ofishin da babu wakilin ƙauyensa ko ɗaya a ciki.